Majalisar da ta ƙi shafe bangonta

A cikin ginin majalisar dokokin Jamus da ke Barlin, wanda ake kira Reichstag, akwai bangon da aka bari da rubuce-rubucen gawayi tun shekarar 1945. Sojojin Tarayyar Sobiyet ne suka yi su a kwanakin da suka ci birnin da yaƙi. Wani ya rubuta sunansa da na garinsu, wani ya rubuta hanyar da ya biyo daga Mosko ko Stalingrad har ya iso nan, wani kuma kwanan wata kawai ya sa. Ta gefen wannan bango 'yan majalisar Jamus ke wucewa idan za su shiga zauren muhawara. Ƙasar da aka murƙushe ta adana sa hannun waɗanda suka murƙushe ta, a gidan da take yin dokokinta, sannan ta bar baƙo ya zo ya gani ba tare da ya biya ko sisi ba. A ganina sun yi daidai. Barin tabon da buɗe ƙofar su ne suka sa ginin ya cancanci a kira shi gidan jama'a, kuma duk majalisar da ta rasa ɗaya daga cikin biyun tana da gyara a gabanta, komai kyan kubbarta.

Mu da muka tashi muna jin sunan Bundestag, wato majalisar dokokin Jamus, a Sashen Hausa na DW, mun fi sanin majalisar a kan gidan da take zama. Gidan bai fara da martaba ba. An aza harsashinsa a 1884, aka kammala a 1894, bisa zanen Paul Wallot. Sarkin Jamus na lokacin, Wilhelm na Biyu, ba ya ƙaunar ginin balle mutanen cikinsa, har ya taɓa kiransa gidan birai. Rubutun da ke saman babbar ƙofa, mai cewa domin al'ummar Jamus aka yi shi, sai a 1916 aka yarda aka manna, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da fada ke buƙatar 'ya'yan talakawa a fagen daga. Kamfanin wani iyali na Yahudawa, iyalin Loevy, shi ya zuba haruffan tagullar, kuma daga baya 'yan Nazi suka kashe wasu daga cikin iyalin. Ta tagar ginin ne ɗan siyasa Philipp Scheidemann ya yi shelar kafa jamhuriya ranar 9 ga Nuwamba 1918.

Abin da ya kamata duk mai sha'awar siyasa ya tsaya a kansa shi ne shekarar 1933. Ranar 27 ga Fabrairu, mako huɗu bayan Hitila ya zama shugaban gwamnati, wuta ta cinye zauren majalisar. Aka kama wani matashi ɗan ƙasar Holan, Marinus van der Lubbe, aka yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a farkon 1934. Har yau masana tarihi na jayayya kan ko shi kaɗai ya yi. Abin da babu jayayya a kansa shi ne yadda aka ci moriyar gobarar. Washegari aka fitar da dokar ta-ɓaci da ta dakatar da 'yancin magana, da na taro, da na jarida, aka shiga kamen 'yan adawa. Ranar 23 ga Maris, 'yan majalisar suka taru a gidan wasan Kroll da ke tsallaken filin, 'yan bangar Nazi na tsaye a ƙofofi, suka miƙa wa gwamnatin Hitila ikon yin doka ba tare da su ba. Mutum 444 suka ce eh, 94 suka ce a'a. Duk masu a'a ɗin 'yan jam'iyyar SPD ne, mai rajin kare ma'aikata. 'Yan gurguzu 81 ba su samu shiga ba, wasu na tsare, wasu sun ɓuya. Shugaban SPD, Otto Wels, ya miƙe ya faɗa wa Hitila a gaban idonsa cewa za a iya ƙwace musu 'yanci da rai, amma ba za a iya ƙwace musu mutunci ba. Ba tankar yaƙi ce ta rufe wannan majalisa ba. Mambobinta ne suka ɗaga hannu suka kashe ta, wasu don tsoro, wasu don an yi musu alkawarin da ba a cika ba.

A waje, kusa da inda baƙi ke layin bincike, akwai allunan ƙarfe 96 da aka jera a tsaye, kowanne da sunan ɗan majalisa guda da 'yan Nazi suka yi sanadin mutuwarsa, da jam'iyyarsa, da shekarar haihuwa da ta rasuwa, da wurin da ya mutu. Ba su da tsayi, sai mutum ya sunkuya yake iya karantawa. Ranar da na ziyarci wurin na ga malami ya tsayar da ɗalibansa a gabansu, yana sa su karanta sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Yaran ba su shiga ginin ba tukuna, amma sun riga sun san cewa akwai lokacin da zama ɗan majalisa mai faɗin gaskiya ke kai mutum sansanin gwale-gwale. Babu littafin koyar da zama ɗan ƙasa da zai dasa wannan a zuciyar yaro kamar yadda ƙarfen nan mai sanyi ya dasa. Gani ya kori ji.

Bayan yaƙi ginin ya zama kango. An rushe abin da ya rage na tsohuwar kubbarsa a 1954. A 1961 katangar Barlin ta ratsa ta bayansa, ya zauna a bakin iyaka, majalisar Jamus ta Yamma kuma tana can Bonn. Gyaran da aka yi masa a shekarun 1960 ya lulluɓe tsofaffin bangaye da alluna, kamar yadda ƙasar kanta ke ƙoƙarin lulluɓe abubuwa da yawa a wancan zamani. Da aka sake haɗe Jamus ranar 3 ga Oktoba 1990, a gaban wannan gini aka yi bikin. Ranar 20 ga Yuni 1991 majalisa ta yi muhawara ta yini guda kan ko ta koma Barlin ko ta zauna a Bonn, masu son komawa suka yi rinjaye da ƙyar, 338 da 320. Aka ba Norman Foster, ɗan Birtaniya, aikin sabunta ginin. Da ma'aikata suka ɓamɓare allunan nan, sai ga rubutun sojojin Sobiyet yana nan yadda aka bar shi.

Nan gardama ta tashi, kuma ba zan raina hujjar waɗanda suka so a goge ba. Sun ce majalisa wurin alfaharin ƙasa ce, ba allon da abokin gaba zai yi ta rubutu ba. Sun tuna wa mutane cewa rundunar da ta bar waɗannan sunaye ita ce ta yi wa ɗimbin matan Barlin fyaɗe, kuma ita ta share fagen mulkin kama-karya na shekara 40 a gabashin ƙasar. Duk gaskiya ne. Akwai tsoffin matan da ganin haruffan Rashanci a bangon majalisarsu ke fama musu ciwo, kuma wanda bai ɗanɗana abin da suka ɗanɗana ba bai isa ya ce musu su haƙura ba. An cire kalaman batsa da na zagi mai muni bayan tuntuɓar ofishin jakadancin Rasha, aka bar sauran. Daga baya wasu 'yan majalisa masu ra'ayin riƙau suka kawo ƙudurin a rage su sosai, bai samu karɓuwa ba. Ina tare da waɗanda suka ƙi. Sojojin nan ba yawon buɗe ido ya kawo su Barlin ba. Yaƙin da Jamus ta kai ƙasarsu, wanda ya ci rayukan mutanen Sobiyet fiye da miliyan 20, shi ya jawo su, kuma an share wa yaƙin hanya ne tun ranar da majalisa ta sallama ikonta. Ɗan majalisar da zai kaɗa ƙuri'a kan tura sojoji wata ƙasa, ko kan ba wa gwamnati ikon gaggawa, ya dace ya bi ta gaban bangon nan kafin ya zauna.

Sai kubbar gilashi, wadda ita ce yawancin baƙi ke zuwa dominta. Foster da farko bai so kubba ba, majalisa ce ta dage. Faɗinta mita 40 ne. A cikinta akwai hanyoyi biyu masu murɗewa, ɗaya ta hawa ɗaya ta sauka, ba matakala, don haka mai keken guragu ma yana hawa. A tsakiya akwai wani ginshiƙi mai kama da mazurari da aka lulluɓe da madubai 360, yana tura hasken rana ƙasa zuwa zauren majalisa, yana kuma fitar da iskar da ta ɗumama. Mai hawa yana ganin birnin ta kowace kusurwa, in ya leƙa ƙasa kuma ya hango kujerun 'yan majalisa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Da gangan aka tsara hakan. Majalisar ta fara zama a sabon zauren ranar 19 ga Afrilu 1999, kuma tun daga lokacin miliyoyin mutane sun hau. Abin da ake nema a wurinka bai wuce ka yi rajista a intanet da sunanka da ranar haihuwarka ba, ka zo da katin shaida ko fasfo, a bincike ka kamar a filin jirgin sama. Ba a tambayar ɗan wane ne kai, ba a neman takarda daga wani babba. Mai son ganin rubutun sojojin da cikin ginin sai ya yi rajistar zagaye tare da ɗan jagora, shi ma kyauta. Ana iya neman kujera a benen 'yan kallo a saurari muhawara. Kowane ɗan majalisa kuma yana da damar gayyato ayarin mutanen mazaɓarsa zuwa Barlin, gwamnati ta ɗauki nauyin tafiyar.

Na san abin da mai shakka zai ce, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Gilashi ba ya sa ɗan siyasa ya zama mai amana. A 2021, a wannan majalisa mai rufin gilashi, aka bankaɗo 'yan majalisar da suka karɓi kamasho mai tsoka a cinikin takunkumin korona, mutane na mutuwa. Ainihin cinikin siyasa kuma a kwamitoci ake yinsa, a wasu gine-ginen da ke maƙwabtaka, ba a ƙarƙashin kubba ba. Wanda ke sama ma da ƙyar yake gane fuskar wanda ke ƙasa. To amma ba a gina kubbar don ta kama ɓarawo ba, wannan aikin 'yan jarida ne da kotu. Amfaninta yana kan mai hawa. Mutumin da ya taɓa shiga gidan, aka karɓe shi da girmamawa, ya zauna a bene ya ga wakilinsa yana hamma ko yana kare ƙudurin da ya shafi garinsu, ya daina ɗaukar majalisa a matsayin wata fada mai nisa da sai a talabijin ake gani. Zai iya rubuta wa wakilinsa wasiƙa ba tare da jin ya yi rashin kunya ba. Zai iya ƙin sake zaɓarsa. Tsoron gini yana daga cikin abubuwan da ke hana talaka tambayar haƙƙinsa, kuma ba a cire wannan tsoro da wa'azi, sai an bar shi ya taka wurin da ƙafarsa.

Hujjar tsaro ta fi wannan nauyi. A ƙarshen 2010 an rufe kubbar na ɗan lokaci saboda barazanar ta'addanci, kuma daga nan ne rajista ta zama dole. Ranar 29 ga Agusta 2020 ɗaruruwan masu zanga-zanga, wasu ɗauke da tutar tsohuwar masarauta, suka ture shinge suka haura matakalar ginin, 'yan sanda ƙalilan suka tare ƙofa har agaji ya iso. A watan Nuwamban shekarar, baƙin da wasu 'yan jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa suka shigo da su suka riƙa tsangwamar 'yan majalisa a cikin ginin. A Disamban 2022 aka kama wata ƙungiya da ake zargi da shirin afka wa majalisar da makamai. Duniya ta ga yadda masu zanga-zanga suka kutsa majalisar Amurka ranar 6 ga Janairu 2021 da ta Brazil a Janairun 2023. Duk da haka Jamusawa ba su rufe ba. Sun ƙara bincike, sun tsaurara ƙa'idar shigo da baƙi, ɗalibai kuma suna nan suna layi. Wannan shi ne hankali. Wanda ya zo da niyyar ɓarna ba ya cika fom, kuma rufe ƙofa ga mai cika fom ba ya hana shi komai.

Akwai inda nake ganin ginin ya gaza, kuma a matsayina na ɗan Afirka ba zan tsallake shi ba. Shekarar da aka aza harsashinsa, 1884, ita ce shekarar da shugaban gwamnatin Jamus Bismarck ya buɗe taron Barlin, inda Turawa suka shimfiɗa ƙa'idojin rabon nahiyarmu, a fadar gwamnati da ke titin Wilhelm, tafiyar ƙafa kaɗan daga nan. A wannan gini aka riƙa amincewa da kasafin kuɗin mulkin mallaka. Da irin kuɗin nan aka biya sojojin da suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902, inda mashinga ta karkashe mahayan Lamiɗo Zubairu na Adamawa. Da shi aka yi yaƙin ƙare dangi kan Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908, wanda sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne. Labarin ma yana da ɓangaren da majalisar za ta yi alfahari da shi: a Disamban 1906 ta ƙi amincewa da ƙarin kuɗin yaƙin Namibiya, gwamnati ta rushe ta, aka yi zaɓe a 1907, SPD ta rasa kusan rabin kujerunta, sabuwar majalisa ta saki kuɗin. Abin da ya fi tsone wa baƙo ido a ginin shi ne zamanin Nazi, da yaƙi, da katanga. Labarin Afirka kuwa sai wanda ya zo da shi a kansa. Gidan da ya iya ajiye sunan sojan Rasha da gawayi ba zai rasa bangon da zai rubuta Garwa da Marwa da Waterberg, inda aka murƙushe Herero, ba.

Wannan ya dawo da ni gida, domin mu ma muna da gidajen majalisa masu tarihi, kuma tarihin nasu ba na wasa ba ne. A Legas, a dandalin Tafawa Balewa da a da ake kira filin sukuwa, akwai ginin da majalisar Jamhuriya ta Farko ta zauna, inda Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ke amsa tambayoyin 'yan adawa. An kashe shi a Janairun 1966 tare da ministan kuɗinsa Festus Okotie-Eboh, dukansu 'yan majalisa ne, kuma ƙasar ta yi shekara 13 ba ta da majalisar tarayya. Aka dawo a 1979, sojoji suka sake rufewa ranar 31 ga Disamba 1983. Wadda aka kafa a ƙarshen 1992 Abacha ya rushe ta a Nuwamban 1993. A Kaduna akwai zauren Lugard, inda majalisar dokokin Arewa da majalisar sarakuna suka zauna a zamanin Sardauna, wanda yanzu majalisar jihar Kaduna ke amfani da shi. Duk juyin mulkin da aka yi a Najeriya, akwai mai mulki washegari, akwai alƙalai a kotu, majalisa ce kaɗai ake kullewa. Matashin da aka haifa bayan 1999 bai ga wannan ba, kuma a yau da sojoji suka karɓi mulki a Nijar da Mali da Burkina Faso, ana ta yi masa kirarin mulkin soja a Facebook da TikTok. Ya kamata a ce akwai wurin da za a kai shi ya ga kujerar da aka bari babu kowa shekara 13.

Ginin Abuja mai koren kubba shi ma ya tara nasa tabon a ɗan gajeren lokaci. Ranar 20 ga Nuwamba 2014 'yan sanda suka tare ƙofa, suka harba barkonon tsohuwa, 'yan majalisar wakilai suka haura ƙyaure don su shiga tare da kakakinsu Aminu Waziri Tambuwal, alhali zancen tsawaita dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa ne ke gabansu. Ranar 18 ga Afrilu 2018 wasu 'yan daba suka shiga zauren dattawa ana tsakiyar zama, suka ɗauke sandar majalisa, sai washegari aka tsince ta a ƙarƙashin wata gada. Ranar 7 ga Agusta na shekarar, jami'an tsaron farin kaya da fuskoki a rufe suka hana 'yan majalisa shiga, muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sallami shugaban hukumar a ranar. Abin kunya ne, kuma don abin kunya ne nake son a rubuta su a allo a kafa a bakin wannan ƙyaure, da kwanan wata, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci.

Ba wai ba a shiga ba ne sam. Akwai benen 'yan kallo, kuma mai bin zaman majalisa a talabijin yana jin shugaba na yi wa ɗaliban wata makaranta maraba lokaci zuwa lokaci. Amma a tunanin mutumin Gumel ko Illela ko Mubi, wuri ne da sai mai hanya. In ya je Abuja wajen wakilinsa, da ƙoƙon bara ake tsammanin ya je, kuɗin magani ko na makaranta, ya tsaya a rana yana jiran wani ya kira wani. Wannan dangantaka ta lalata ɓangarorin biyu, ta mai da mai zaɓe almajiri, ta mai da wakili mai rabon sadaka. Gyaran ba ya buƙatar kubbar gilashi. Lambar shaidar ɗan ƙasa da waya sun isa a yi rajista, a ware ranaku da sa'o'i sanannu, a ɗauki matasa masu jin harsunanmu su zagaya da mutane, a sa cikin kasafin majalisa cewa kowane ɗaya daga cikin wakilai 360 da sanatoci 109 zai kawo ɗaliban makarantun gwamnati na mazaɓarsa, ba 'ya'yan masu hali na Abuja kaɗai ba. Majalisar da aka taɓa ware wa naira biliyan 37 a kasafin 2020 don gyaran gininta ba za ta ce kuɗin motar ɗalibai ya gagare ta ba.

Za a ce mana yanayin tsaron ƙasar bai ba da dama ba. Sai mu duba su wane ne suka keta alfarmar ginin a lokuta ukun nan. Sau biyu jami'an gwamnati ne masu albashi, da umarni daga sama. 'Yan daban kuwa sun ratsa duk shingayen binciken da ke akwai, suka kai har gaban teburin shugaban zama, suka fita da sanda a hannu ba wanda ya tsayar da su.